Tirela ta isa a yanke wa fim hukunci tun kafin ya fito?

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ina so a amsa min tsakani da Allah. Tirelolin finafinan da ke tafe, wato gajerun bidiyoyin tallarsu, sun fara fitowa, na tsoro da na sarƙaƙiya da na almara irin na dodanni da matsafa. Na jera su na kalla, kuma wallahi na tsoron nan kamar uwa ɗaya ta haife su. Miji da mata da 'ya'ya sun tare a tsohon gida. Ƙaramar yarinyar tana hira da wanda ba a gani. Ana rera waƙar yara a hankali da wata siririyar murya, hoto ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo. Sai a yi tsit. Sai sunan fim ya fito, ka ɗauka an gama, sai wata fuska ta faɗo da ihu. Ba sai na faɗi sunayensu ba, ku ma kun gan su. Tambayata ita ce: idan tirela ta zo a haka, in cire rai da fim ɗin ke nan, ko ana iya samun fim mai kyau a bayan tirela irin wannan?

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Cire rai kawai, Sadiq. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutane sun kashe miliyoyin daloli, sun tsamo minti biyu mafi kyau daga cikin awa biyu sun nuna maka. Idan minti biyun bai motsa ka ba, me za ka je nema a sauran?

Kabir Edita: Malam, a yi min afuwa, a nan kam ban bi ka ba. Kai kana ɗauka wanda ya yi fim shi ne ya yi tirela. A manyan finafinan Amurka yawanci ba haka ba ne. Akwai kamfanoni a Los Anjelis da ba su da aiki sai yanka tirela, irin su Trailer Park da Buddha Jones. Sashen talla na kamfanin fim shi ke ba su aiki, kuma sau da yawa a ba wa fiye da kamfani ɗaya su yi gasa, a gwada a kan 'yan kallo, a ɗauki wadda ta fi jan hankali, wani lokaci ma a gutsuro daga wannan a liƙa a waccan. A lokacin da suke wannan aikin fim ɗin bai ma kammala ba. Kiɗan da kake ji a tirela galibi ba ya cikin fim, daga rumbun kiɗan talla aka sayo shi. Har maganar da kake ji jarumi ya yi, ana iya ɗauko rabinta daga farkon fim, rabinta daga ƙarshe, a ɗora a kan hoton da bakinsa ba ya ciki. Ni da nake zama gaban kwamfuta ina yanka bidiyo, ka ba ni fim ɗin biki in mayar maka da shi na tsoro a minti biyu. Sauti kawai zan canza, in rage haske.

Mubarak: Kabir don Allah kar ka gwada da bidiyon bikina 😂

Malam Auwal: To ai ka ƙara min hujja, Kabir. Idan gwanayen da ba su da sana'a sai wannan suka kasa fito da abin kirki, ai fim ɗin ne babu abin kirki a ciki.

Ummi: A'a Malam, ba kasawa suka yi ba, abin da aka sa su suka yi. Ba a ce musu su nuna fim yadda yake ba, cewa aka yi su cika silima ranar Juma'ar farko. Shi ya sa duk tirelar tsoro take komawa gida ɗaya kamar yadda Sadiq ya lissafa, saboda wannan salon ne aka san yana kawo matasa. Matsalar tana zuwa ne idan fim ɗin ba irin wannan ba ne. Ku ɗauki Hereditary na 2018. Masu sharhi sun yabe shi sosai, har yau ana sa shi cikin manyan finafinan tsoro na zamanin nan. Amma CinemaScore, masu tsayawa a ƙofar silima daren farko suna tambayar mutanen da suka fito, D+ suka samo masa, maki mai rauni ƙwarai. Mutane sun shiga suna jiran a riƙa razana su kowane minti biyar, suka tarar da gidan makoki, uwa tana rugujewa a hankali, tsoron yana taruwa kaɗan kaɗan. Fim ɗin bai yi laifi ba. An gayyato masa mutanen da ba nasa ba ne.

Sadiq: Wannan fim ɗin kam ya hana ni kashe fitila, Ummi. Amma ba ihu ne ya tsorata ni ba. Wurin da yaron ke kwance a ɗaki, can sama a kusurwa akwai wani abu a cikin duhu, kyamara ba ta nuna maka shi ba, idonka ne ke gano shi da kansa. Babu kiɗa mai ƙarfi, babu komai.

Ummi: Yauwa. To irin wannan ba ya shiga tirela. Yana buƙatar a bar ka cikin duhun na daƙiƙa ashirin ko talatin, ita kuwa tirela kowane hoto daƙiƙa ɗaya ko biyu yake yi. Abin da ya fi kyau a fim ɗin tsoro shi ne abin da ba ya yankuwa. Wanda ke yankuwa shi ne ihun ba-zata, kuma shi ne mafi arha a cikin kayan aikinsu. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi a bayanka ai za ka zabura, wannan ba gwaninta ba ce.

Baban Iman: Tunda an zo kan ihun ba-zata, bari in tuna muku abin da ya faru a 2018. An saka tallar The Nun a YouTube, 'yar gajeriya ta daƙiƙa shida, irin wadda ba a iya tsallakewa. Baƙin allo ne da alamar ƙarar sauti tana hawa, sai ta sauka har ƙasa, mutum ya ɗauka wayarsa ce ke wasa da shi. Yana matso da fuska sai fatalwar matar da ke fim ɗin ta faɗo da kururuwa. Mutane suka yi ta ƙorafi, YouTube ta cire ta saboda ta saɓa ƙa'idarsu ta tallace-tallace masu firgitarwa. Abin mamaki, cirewar ma ta zama wata tallar, kowa ya koma neman ta.

Zainab B.: Baban Iman wannan ai zalunci ne. Mutum ya zo kallon abinsa, ƙila ma yaro ne ke riƙe da wayar.

Baban Iman: Haka ne, Hajiya Zainab, ban kare su ba. A silima akwai tsari. A Amurka tirelar da aka yarda a nuna wa jama'a tana farawa da koren allo, wadda ke da jini da sauransu tana farawa da jan allo, kuma ba a gaban kowane fim ake saka ta ba. A intanet ne abin ya zama kowa tasa ta fisshe shi.

Mubarak: Ni dai tirelar tsoro da rana tsaka nake kallonta, sauti a ƙasa, yatsana a kan allon.

Ummi: Matsoraci 😄 Amma bari in faɗi yadda ni nake auna su, ko zai yi wa Sadiq amfani. Ba abin da tirela ta nuna nake dubawa ba, abin da ta iya ɓoyewa nake dubawa. Idan tun minti na farko an nuna min dodon a fili, daga kai har ƙafa, na san ba su da wani abu a ajiye. Idan kuwa aka hana ni ganinsa, to masu fim ɗin sun yarda da kayansu. Longlegs na 2024 haka kamfanin Neon ya yi da shi. Nicolas Cage ne babban suna a fim ɗin, amma suka ƙi nuna fuskarsa sosai a talla. Sai wasu rubuce-rubuce masu kama da lambobin sirri, da lambar waya da in ka kira za ka ji muryarsa. Fim ɗin da kuɗin yin sa bai kai dala miliyan 10 ba, ƙarshen makon farko ya kawo kusan miliyan 22 a Amurka.

Malam Auwal: To shi fim ɗin ya kai yadda aka zuzuta shi?

Ummi: A wurina bai kai ba. Rabin farko ya yi kyau ƙwarai, ƙarshen ya zube.

Malam Auwal: Kin gani. Ma'auninki ma ya yaudare ki.

Ummi: Ban ce ma'aunina ba ya kuskure ba, Malam. Na ce ya fi naka 😂

Baban Iman: Ita dabarar ɓoyewa ba sabuwa ba ce. Paranormal Activity da aka yi da kusan dala 15,000, lokacin da aka sake shi ko'ina a 2009, tallarsa fuskokin 'yan kallo ta fi nunawa. An ɗauke su cikin duhun silima suna zabura, suna rufe ido, suna riƙe juna. Ya tara sama da dala miliyan 190. Ba fim suka tallata ba, tsoron wasu suka sayar wa wasu.

Zainab B.: Ku kuna ta maganar na tsoro, ni ciwona a kan na sarƙaƙiya yake. Fim ɗin tsoro ko an nuna maka komai, idan ka shiga duhu za ka iya tsorata. Amma fim ɗin da duk daɗinsa ya rataya a kan waye ya yi kisan, ko waye maci amanar, idan aka faɗa maka an kashe shi murus. Ɗaya daga cikin tirelolin da Sadiq yake magana, ta matar da mijinta ya ɓace, ku lura da kyau. A farko an nuna ƙawarta tana rarrashinta. Can wajen ƙarshe, cikin hotunan nan masu wucewa da sauri, an nuna ƙawar a cikin mota da dare, fuska a ɗaure, hannunta da jini. To me ya rage? Na biya kuɗi in zauna awa biyu ina jiran abin da na riga na sani?

Kabir Edita: Anti Zainab, ƙila tarko ne. Ana yin haka da gangan a karkatar da hankalin mutane.

Zainab B.: Ƙila. Amma ko tarko ne an riga an ɓata min kallo, domin duk fitowar da za ta yi zan riƙa zarginta. Darakta ya so in yarda da ita, mai talla ya hana.

Baban Iman: Su kansu daraktocin bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wannan. Robert Zemeckis, da aka yi masa ƙorafi cewa tirelar Cast Away ta 2000 ta nuna mutumin ya bar tsibirin, bai ba da haƙuri ba. Ra'ayinsa shi ne yawancin mutane suna son su san abin da za su gani kafin su biya. Shi kuwa Alan Taylor, wanda ya ba da umarnin Terminator Genisys a 2015, ya nuna bai ji daɗi ba da tirela ta tona babban sirrin fim ɗin, domin ya ɗauki wurin ne da niyyar ya zo wa mutane a ba-zata.

Zainab B.: Ina bayan na biyun.

Malam Auwal: Ni kuma ina bayan na farkon, kuma ba zan ji kunya ba. Ba kowa ke da lokacin ɓatawa ba. Ku masu son fim kuna kallon goma a wata, idan uku suka lalace ba komai. Wanda yake kallon ɗaya a wata yana so ya san abin da zai shiga.

Kabir Edita: Kuma Malam irinka kamfanonin suke nema, ba irin Anti Zainab ba. Ita za ta kalla ko an yi tirela ko ba a yi ba. Shi ya sa ake sakin su hawa-hawa. Ta farko gajeriya ce, somin-taɓi, yanayi kawai take nunawa. Ta biyu ta kawo labari. Ta ƙarshe, wadda ake saki gab da fitowa, ita ce ake zuba komai domin a jawo masu shakka. Idan kika ga ta ƙarshen ta tona asiri da yawa, sau da yawa alama ce kamfanin yana cikin fargaba. Akwai kuma iyaka: ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin fim ta Amurka minti biyu da rabi ce. A 2014 ƙungiyar masu gidajen silima ta nemi a rage zuwa minti biyu, kuma kar a fara nunawa sai saura kwana 150 fim ya fito, amma shawara ce ba dole ba. Anti, ki tsaya a ta farko kawai, kin huta.

Zainab B.: In sun bar ni. Kana buɗe bidiyo sai a jefo maka daƙiƙa biyar na tirela kafin ita tirelar, kuma a nan ake saka hoton da ya fi zafi.

Kabir Edita: Saboda bayan daƙiƙa biyar ne maɓallin tsallakewa yake fitowa. Dole su harba kafin ki gudu.

Hafsat: Ba wanda ya taɓo na almara, to bari ni in shigo. A wurina su ne tirela ta fi yi wa rashin adalci, ta fuska biyu. Ta farko, aikin kwamfuta shi ne na ƙarshe da ake gamawa. Tirela tana fita watanni kafin fim, dodon da ka gani bai gama nuna ba, fatarsa kamar roba, sai mutane su yi ta tsiya. Ta biyu, duk inda labarin ya nufa, tirela dole ta ƙare da runduna biyu sun fuskanci juna, wani yana ihu a kan doki, da ƙarar nan mai kama da ƙaho da ta zama yayi tun daga tallar Inception a 2010. Wadda na gani kwanan nan, ta yarinyar da aka haifa da tambari a hannu, hotunan garin sun tafi da ni, kasuwar da aka gina a jikin dutse, gadoji na igiya, fitilu a rataye. Amma ko jimla ɗaya mai ma'ana ban ji wani ya furta ba. "Ke ce aka zaɓa." "Duhu na tafe." Shi ke nan. Idan tirelar almara ta kasa nuna min mutum biyu suna magana kamar mutane, gabana faɗuwa yake.

Sadiq: Yaya Hafsat wannan ma'aunin ya yi min. Hoto ana iya gyara shi kafin fitowa, rubutu ba a iya gyarawa.

Hafsat: Hoto kam ana gyarawa. Fim ɗin Sonic, shuɗiyar bushiyar nan ta wasan bidiyo, shaida ne. Tirelar farko ta fito a Afrilun 2019, an yi masa haƙoran mutum da ƙananan idanu, intanet ta ɗauki wuta. Daraktan ya fito ya ce sun ji, aka ɗage fim daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka sake zana shi. Ya fito ya tara sama da dala miliyan 300.

Kabir Edita: Amma ina tausayin masu zanen da aka ce su sake aikin watanni. Su ba a tambaye su ba a farko, su aka ɗora wa a ƙarshe.

Hafsat: Akwai kuma kishiyar wannan, a sayar maka da almara alhali ba ita ba ce. Bridge to Terabithia na 2007, tallarsa cike take da halittu da daji mai sihiri. Iyaye suka kwashi yara suka tafi, ashe labarin abota da rashi ne, halittun 'yan mintoci ne a ciki. Fim mai kyau, amma an fito ana share hawaye.

Zainab B.: Hafsat! Muna ƙorafin tona asiri ke kuma kina tonawa.

Hafsat: Anti fim ɗin 2007 fa 😂 wanda bai kalla ba har yanzu ba shi da niyya.

Mubarak: Wai ba za a iya kai su kotu ba? Ka nuna min abu, in biya, in tarar babu shi.

Baban Iman: An kai su, Mubarak. Mutum biyu a Amurka sun yi hayar fim ɗin Yesterday na 2019 a Amazon, kowa ya biya dala 3.99, saboda sun ga jaruma Ana de Armas a tirela. Suka kalla har ƙarshe babu ita, an yanke duk fitowarta kafin a saki fim. A Janairun 2022 suka maka Universal, kamfanin da ya saki fim ɗin, a kotu a Kalifoniya, suna neman aƙalla dala miliyan 5 a madadin duk wanda abin ya shafa. Kamfanin ya ce tirela aikin fasaha ce, tana da 'yancin faɗar albarkacin baki. A Disambar 2022 alƙali Stephen Wilson ya ce a'a, tirela talla ce, dokar hana tallan yaudara tana iya hawa kanta. Daga baya a 2023 ya yi watsi da babban ɓangaren ƙarar, amma waccan maganar ta farko ta sa lauyoyin kamfanoni sun buɗe ido.

Mubarak: Dala huɗu ta koma miliyan biyar. Waɗannan sun fi ni zuciya.

Malam Auwal: To kun ji, alƙali ma ya ce talla ce. Talla kuwa ana yi mata hukunci.

Ummi: Ita tallar ake yi wa hukunci, Malam, ba fim ɗin ba. Kai kuma fim ɗin kake ɗaurewa da laifinta.

Malam Auwal: Dukansu gida ɗaya suka fito.

Baban Iman: Ni abin da nake kewa shi ne muryar nan ta da. Don LaFontaine, wanda ya rasu a 2008, ya yi magana a kan tireloli sama da 5,000. Da muryarsa kaɗai za a gaya maka inda labari ya dosa ba tare da an nuna maka rabin fim ba. Da aka daina amfani da mai magana, sai ya zama dole hotunan su ba da labarin da kansu, kuma ina ganin daga nan tonon asirin ya ƙaru. Ra'ayina ne, ban ce haka kowa ya gani ba.

Kabir Edita: Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, Yallaɓai. Amma wani abu nake so in ja hankalin kowa a kai tunda maganar finafinan da ba su fito ba ake yi. Kafin ku yanke hukunci ku tabbata tirelar ma ta gaske ce. Yanzu akwai tashoshin da ke haɗa ta bogi da ƙirƙirarriyar basira, su ɗauko fuskar jarumi su ɗora a fim ɗin da ko fara ɗauka ba a yi ba. A Maris 2025 YouTube ta toshe wa manyan tashoshi biyu masu wannan aikin kuɗin talla, Screen Culture da KH Studio. Ku duba sunan tashar da ta saka. Ku duba hannuwa da idanu, da yadda kowa ke tafiya a hankali kamar cikin ruwa, kuma babu wanda bakinsa ke motsi daidai da magana. Na almara sun fi yawa a ciki, domin a can ko hoto ya yi wani iri za ka ce sihiri ne.

Hafsat: Wadda na faɗa ta gaske ce dai, a tashar kamfanin na gan ta.

Sadiq: To ni dai ga inda na tsaya. Na gidan nan mai yarinya zan jira in ji bakin Ummi tukuna. Na matar da mijinta ya ɓace zan kalla, in ga ko Kabir ne da gaskiya ko Anti Zainab. Na almarar kuma sai an saki tirela ta biyu, in ji ko sun iya magana.

Ummi: Ka mayar da ni 'yar gwaji ke nan.

Zainab B.: Roƙo ɗaya nake da shi. Duk wanda zai turo tirela nan gaba ya rubuta a sama ko ta farko ce ko ta ƙarshe. Kuma Sadiq, idan ka riga ni kallon na matar nan, kar ka zo nan ka ce "Anti kin canka" ko "ba ki canka ba". Duka biyun tonawa ne.

Sadiq: To me zan ce?

Zainab B.: Kar ka ce komai sai na kalla.